Ungozomar da Aka Sauya wa Suna

Lesia Prokop matsoraciya ce tun tana ƙarama, kuma ba ta taɓa musun haka ba. A layinsu na arewacin Winnipeg kowa ya san yarinyar da ba ta tsallake titi sai ta duba dama da hagu sau uku, wadda in an aike ta ɗakin ƙasa ɗauko kwalbar kabeji sai ta tsaya a bakin matakala ta rera waƙar coci da ƙarfi, wai don abin da ke ƙasan ya san tana tafe. Ubanta, Allah ya jiƙan rai, makanikin motocin bas ne na gari, ya rasu tana da shekara goma sha huɗu. Uwarta Halyna ta yi shekara talatin da ɗaya a masana'antar ɗinkin rigunan sanyi, a kan keke ɗaya, a gefen taga ɗaya. Ita ce ke yawan cewa, "Wannan 'ya tawa, ko inuwarta ta taka sai ta tsaya ta ba ta haƙuri."

Da Lesia ta gama sakandare sai ta samu aiki a teburin karɓar baƙi na wani ofishi da lauyoyi ke taimakon talakawa kyauta. Shekara goma sha biyu ta yi a wurin. Wanda aka kora daga gidan haya, wadda aka sallama daga aiki don ta yi ciki, wanda aka ƙwace wa takardun zama, duk a gabanta suke fara zama. Ba ta da yawan magana, ga ta da kallon mutum kamar tana tsoron kada ya fashe, sai mutane suka riƙa zazzage mata cikinsu tun kafin su ga lauya. Har lauyoyin kan leƙo su ce, "Lesia, me ya gaya miki? Mu dai ya ce mana babu komai."

Da karatun yamma ta lallaɓa ta yi digirin farko. Tana da shekara talatin da biyar ta ce za ta koma ta yi na biyu a kan haƙƙin ɗan Adam. Uwar ta ajiye cokali ta dube ta.

"Haƙƙin ɗan Adam? Ke da ake shiga gabanki a layin kanti ki ce an gode?"

"Mama, ai karatu ne."

"To in an gama wane aiki ake yi da shi? Ana ci?"

Lesia ta ce wasu kan shiga hukumar da ke binciken ƙorafin wariya, wasu su yi aiki da 'yan gudun hijira, wasu su koyar, wasu kuma a tura su ƙasashen da aka yi yaƙi su tono kaburbura su rubuta sunayen matattu.

"Ke wanne?"

"Wanda ba a hawa jirgi."

Karatun ya karɓe ta ƙwarai, don karatu ne mai dokoki, shi kuwa matsoraci ba abin da yake so kamar doka. An koya musu ba a ɗaukar muryar mutum sai da yardarsa, kuma yardar sai a rubuce da sa hannu. An koya musu a kulle takardun shaida a akwatin ƙarfe, a kulle ɗakin da akwatin yake. In an gama aiki a goge muryoyin. Sama da komai, a sauya suna. Wannan kam kowane malami sai ya maimaita: a sauya sunan mai ba da shaida, a sauya sunan garinsa. Lesia ta rubuta ta ja layi biyu a ƙasa.

A shekara ta biyu aka ce kowa ya zaɓi abin da zai rubuta kundinsa a kai. Ta zaɓi matan da suka ga an kwashe mutane a lokacin yaƙi, kuma babu kotun da ta taɓa tambayarsu abin da suka gani. Ta samu mata shida da ƙyar. Ta bakwai a gida ta same ta.

Doña Eulalia, kamar yadda kowa ke kiranta don girmamawa, ta yi shekara goma sha tara tana ɗinki a keken da ke kusa da na Halyna. Daga wani gari na kan duwatsu a Amurka ta Tsakiya ta gudo. Gajeriya ce, mai kaurin hannu, mai kaifin baki. Ita da Halyna kullum cikin faɗa suke a kan allura da zare, kullum kuma kowacce hannunta na cikin kwanon abincin 'yar'uwarta. Ko da suka yi ritaya ba su rabu ba. Duk ranar Alhamis matan cocin su Halyna kan taru a ɗakin ƙasa na coci su naɗe perogi, su cusa dankali da cuku a ƙullin fulawa su matse bakinsa, a sayar don gyaran rufi. Eulalia ba 'yar cocin ba ce, amma ba ta fashi. Ta ce in ta bar su su kaɗai, da irin sanyin hannunsu rufin zai faɗo kafin su cika tire ɗaya.

Halyna ce ta yi mata maganar. Sai bayan sati biyu Eulalia ta aiko a ce wa yarinyar ta zo, ta taho da na'urarta.

Yamma uku suka yi a kicin ɗinta. Ashe ungozoma ce a garinsu. Wata damina sojoji suka zo suka ɗauke ta zuwa bariki, don matar Kyaftin ɗinsu na naƙuda kuma ruwa ya cinye hanyar asibiti. Tagwaye ne, na farkon da ƙafa ya taho. Kwana biyu ta yi a ɗakin. Ta tagar ɗakin nan ta ga maza goma sha ɗaya na garinsu a ɗaure a tsakar bariki, cikin ruwan sama. Ta san kowannensu, don babu wanda ba ta taɓa shiga gidansa karɓar haihuwa ba. Ran kwana na uku da safe ta leƙa, ba kowa sai igiyoyi. Kyaftin ya sallame ta da kaza guda, ya ce, "Idonki bai ga komai ba sai jarirai." Shekara na zagayowa ta gudu. Ƙanenta Anselmo ya zauna, yana da ɗan shagon ƙusa da igiya da adda a bakin kasuwa. Shi kuwa Kyaftin ya tuɓe kaki tuntuni, ya zama mai gonaki da manyan motoci, rabin garin a ƙarƙashinsa suke ci.

Ta faɗi sunayen goma sha ɗayan, ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi tuntuɓe ba.

Lesia ta fito da takardar yarda, ta karanta mata layi-layi yadda aka koya musu. Da ta zo inda aka ce za a ajiye kundin a ɗakin karatu na jami'a, Eulalia ta tambaya, "Wa ke karanta irin wannan?"

"Ni da malamina. Sai ƙura."

Suka yi dariya. Eulalia ta sa hannu.

Babu dokar da Lesia ta tsallake. Ta mai da Eulalia Rosa. Ta sauya sunan garin, ta cire shekarar, ta sauya sunayen mazan, na gaskiyar ta kulle su a akwati. Ta bi kundin sau uku tana farautar sunan da ya kuɓuce. Malaminta, Farfesa Whitcombe, mutum mai kirki da fara'a, da ya karanta labarin tagwayen sai da ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Nan ne zuciyar aikin nan. Ƙafar jaririn nan, da kazar nan. Kada ki taɓa ko waƙafi." Ranar miƙa kundi aka ba ta wata takarda a kwamfuta mai ƙananan akwatuna da ake dannawa. Kowa dannawa yake yi, in ba ka danna ba ba ka fita. Ta danna.

Allah ya taimake ta ta samu aiki a ofishin lardi mai binciken ƙorafin wariya. Wanda aka hana haya don launin fatarsa, makahon da aka hana shiga gidan abinci da karensa, irin waɗannan. Ta sayi ƙaramar mota. Uwar ta rataye hoton bikin kammala karatun a falo kusa da na Uwar Yesu. Shekara biyu da wata huɗu aka yi lafiya lau.

Wata Alhamis cikin watan Fabrairu, sanyi na yankan fuska, Lesia ta ɗauki hutun yini ta kai uwarta ganin likitan ido, daga nan ta sauke ta a coci. Ta shiga don ta gaida mata. Ko hularta ba ta cire ba Eulalia ta taso, hannu duk gari, ta kama ta a gwiwar hannu ta ja ta zuwa ɗakin da ake rataye riguna. Ta tura ƙofa.

"Anselmo ya kira ni ran Lahadi. Kwana huɗu ke nan ina juya maganar, na rasa wa zan gaya wa."

"Lafiya yake?"

"Ɗaya daga cikin tagwayen ya je shagonsa. Ya sayi igiya, ya biya. Sannan ya jingina da tebur ya ce, ‘Ka gaishe min da ungozomata. Ashe ta iya ba da labari haka? Ka ce mata ni ne na fito da ƙafa.’ Ya fita ya bar igiyar a kan tebur."

Lesia ta ja da baya. Ta dafa wata riga da ke rataye, rigar ta zame ta faɗi.

"Doña Eulalia, ai na sauya sunanki. Wallahi na sauya. Rosa na sa."

"Suna!" Eulalia ta buga cinya, gari ya tashi. "Wa ke kirana da suna a garinmu? Ungozoma nawa ce ta karɓi haihuwar tagwayen Kyaftin, 'yata? Mu nawa aka ba kaza? Ko jaririn goye ka tambaya zai nuna maka gidanmu. Ku da kuka yi karatu, a wurinku in an cire wa akuya ƙararrawa ta zama tunkiya?"

Eulalia ta matso kusa da ita.

"Ni ba wannan na kira ki ki ji ba. Kin ce ɗakin karatu. Kin ce ƙura. Ta yaya ƙura ta kai shi can?"

Lesia ta ciro waya ta shiga intanet. Ta rubuta kalma uku, ungozoma, tagwaye, bariki. Kafin ta ɗaga yatsa ga kundinta a sama, da sunanta, da tambarin jami'a. A ƙasa an rubuta an buɗe shi sau ɗari biyu da goma sha biyu. Ɗakin karatun da ta gaya wa tsohuwa ba shi da bango ba shi da ƙofa, kuma ta san haka, ita kanta daga irinsa ta kwashi rabin abin da ta karanta. Ba ta dai taɓa haɗa wannan da wancan ba. Kowane ɗa na garin da ya je jami'a zai iya cin karo da shi, ya sa na'ura ta juya masa zuwa harshensu cikin ƙiftawar ido.

Eulalia ta leƙa wayar, ta daɗe tana kallo, ko da yake ba ta ganin ƙananan rubutu.

"Ki sauke shi," ta ce. "Yau."

Juma'a da sassafe Lesia na tsaye a ƙofar ɗakin karatu tun ba a buɗe ba. Aka tura ta wurin Mista Desrosiers, wani dattijo mai sanƙo da ke kula da kundayen ɗalibai. Ya saurare ta har ƙarshe, ya zuba mata shayi, ba ta iya sha ba.

"Maɓallin sauke shi na nan a gabana," ya ce. "Amma ni ba ni da ikon taɓa shi. Hanya biyu ce. Ta farko, ki ce akwai gyare-gyare da za ki yi. Ki sa hannu, malaminki ya sa, kwamiti ya zauna."

"Yaushe zai zauna?"

Ya duba kalanda. "Sati uku da kwana biyu."

"Ta biyun fa?"

"Ki rubuta cewa aikinki ya jefa wanda ya ba ki shaida cikin haɗari. Wannan ranar da aka karɓa ake saukewa. Sai dai kuma ranar ce ake buɗe bincike a kanki. Za su kira ki, su tono komai, su rubuta wa duk wanda suka ga ya dace."

"Har wurin aikina?"

"'Yar nan, aikinki karɓar sirrin mutane ne. Ni dai ban ce za su yi ba."

Ta fita ta zauna a mota ta kira Farfesa Whitcombe. Ya yi salati irin nasu, sannan ya fara lallashi. Ya ce ta bi ƙa'ida daga farko har ƙarshe, kwamitin ɗa'a ya duba ya amince, takardar yarda na nan da sa hannu. Ya ce mai yiwuwa yaron burga kawai yake yi, shekara talatin ta wuce. Ya ce ta bi hanya ta farko, shi zai yi magana a matso da zaman. "Kada ki rubuta abin da ba za ki iya gogewa ba, Lesia. Kina da gaba."

Abin da ya biyo baya ita da bakinta take faɗinsa, ba ta ɓoyewa, shi ya sa ba giɓa ba ce a faɗe shi. Ba ta rubuta ba. Ta koma gida da takardun biyu a jaka. Ta ce wa kanta ai an riga an karanta, saukewa ba za ta mai da abin da ya fita ba. Ta ce wa kanta Farfesa ya fi ta sani. Asabar ta wanke bayi, ta goge firji, ta sake wanke bayin. In ta rufe ido igiya take gani a kan tebur, in ta buɗe sai ta ga shugabar ofishinsu na miƙo mata wasiƙa. Ta durƙusa za ta yi addu'a ta rasa wanne za ta roƙa, don ta san wanda take so Allah ya fara tsarewa, kuma ta ji kunyar faɗa masa. Waya ta yi ƙara sau huɗu, sunan Eulalia a kai, ba ta ɗauka ba.

Lahadi bayan coci uwarta ta shiga mota ta ja ƙofa da ƙarfi.

"Kai ni gidan Eulalia."

"Mama, ina da aiki."

"Aikin gidanku. Ni na kai ki kicin ɗin matar nan. Da bakina na ce mata 'yata ba ta iya cutar ƙuda ba. Tuƙa."

Anselmo kan kira yayarsa duk Lahadi da ƙarfe uku, in ya rufe shago ya ci abinci. Shekara da shekaru bai taɓa saɓawa ba, ko ranar da aka yi masa aikin ƙaba sai da ya sa matarsa ta riƙe masa waya. Suka tarar Eulalia ta ɗora wayar a tsakiyar tebur a kan ɗan kyalle. Ta dubi Lesia.

"An sauke?"

"Ana kan... akwai takardu."

Eulalia ta gyaɗa kai. Ta ɗora ruwan kofi.

Uku ta yi. Halyna ta ce agogon nan na gudu, tun da can ta sha gaya mata. Eulalia ta ce agogon ya fi mai maganar hankali. Ba wanda ya yi dariya. Uku da kwata. Uku da rabi Eulalia ta kira, waya ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta kira ta matarsa, a kashe. Ta kira maƙwabcinsu mai gyaran takalma, ya ɗauka, da ya ji muryarta sai ya ce ba ya ji sosai, ya kashe.

Wannan ne ya fi komai tayar musu da hankali. Mutumin nan Eulalia ce ta karɓi haihuwar 'ya'yansa biyar.

Ta tashi ta kunna kyandir a gaban gicciye, ta dawo ta zauna, ta ɗora tafukanta biyu a kan tebur. Ba ta yi kuka ba. Halyna ta ciro carbinta, leɓɓanta na motsi. Lesia na jin ƙarar injin ɗumama ɗaki, da wani yaro a waje yana kankare ƙanƙara a gilashin mota. Ta tuna hoton Anselmo da ke manne a firji, mai gashin baki, yana riƙe da wani ƙaton kabewa yana dariya, ta kasa juyawa ta kalle shi. Ta ƙirga kwanakin. Alhamis aka gaya mata. Da ta rubuta ran Juma'a, da mai igiya ya duba ya ga babu, wataƙila ya ce saƙonsa ya isa, ya haƙura. Yanzu in ya duba zai ga an ji gargaɗinsa an yi biris.

Ƙarfe biyar ta wuce, hasken taga ya fara ja. Lesia ta buɗe jaka ta ciro takarda ta biyu. Layin farko sai da ta soke shi sau biyu, don ta ga tana rubuta an yi, an samu, an bari. Ta juya ta rubuta: Ni na bar bayanan da suka tona matar da ta ba ni shaida. Ni na gaya mata babu mai karantawa. Ran ƙanenta na cikin haɗari tun ranar da na sani, kwana uku ke nan, ban kawo rahoto ba.

Uwar ta leƙo ta karanta, ta ce, "Wannan na ƙarshen dole ne?"

"Haka aka yi, Mama."

Litinin ƙarfe takwas ta miƙa. Mista Desrosiers ya karanta a tsaye, ya ɗauka da kansa ya hau bene. Kafin azahar shafin ya ɓace, in ka nema sai a ce babu. Amma ya kira ta gefe ya gaya mata gaskiya. Kundin ya riga ya tafi wasu rumbuna biyu da ke kwasar irinsa, zai rubuta musu, ba ya jin za su wuce sati. Wanda kuwa ya riga ya sauke a wayarsa, wannan sai Allah.

Ranar ba ta je aiki ba, ba ta koma gida ba sai dare. Ta zauna a mota a ƙofar gidan Eulalia, tana kunna injin in sanyi ya ishe ta, tana kashewa. Ta kasa shiga, ta kasa tafiya.

Talata da hantsi Anselmo ya kira, daga wata lambar da ba a sani ba. Ran Asabar an wayi gari an yanka karensa an jefa a ƙofar shago. Lahadi da asuba shi da matarsa suka hau bas ɗin farko da jaka ɗaya, suka ce wa maƙwabta asibiti za su. Suka bar wayoyinsu a gida don kada a bi su. Suna babban birni, a ɗaki ɗaya na surukan 'yarsu. Ya bar shago a kulle da kaya a ciki, ya bar kaji, ya bar kabarin iyayensu. Shekararsa sittin da ɗaya.

Eulalia ta fito da takalmin ɗaki a cikin ƙanƙara, ta ƙwanƙwasa gilashin motar, don Lesia ta dawo tun safe.

"Yana da rai," ta ce. "Tafi gida ki yi wanka."

Binciken jami'a wata biyar ya ci. Sau uku aka kira ta gaban mutum shida a dogon tebur, kowane zuwa sai ta yi amai a bayin bene na biyu kafin ta shiga. A ƙarshe suka ce ta bi ƙa'idar da aka koya mata, ƙa'idar ce ke da giɓi, amma jinkirin kwana ukun nan nata ne, suka rubuta shi a fayil ɗinta. Suka ƙara layi biyu a takardar yarda. Shugabar ofishinsu ta samu wasiƙa, ta kira ta, ta ɗauke ta daga karɓar shaida na wata shida, ta mai da ita jera fayil. Ba a kore ta ba. Farfesa ya aiko da kati mai hoton fure.

Eulalia ta daina zuwa coci ran Alhamis. Halyna ta rage surutu, kuma ta sauke hoton bikin kammala karatun nan na falo wai za ta sauya masa gilashi. Sai da bazara ta yi Lesia ta iya zuwa neman gafara. Ta tarar da tsohuwar a bayan gida tana kafa wa wake sanduna.

"Yafiya ba wuya, 'yata, na yafe. Riƙe min wannan." Lesia ta riƙe sanda, Eulalia ta ɗaure. "Shagon an fasa shi, wani ɗan'uwan matar Kyaftin ke sayar da taya a ciki. Anselmo yini yake a bakin taga. Mutumin da bai taɓa zama ba. Ya ce in tambaye ki, mutanen nan goma sha ɗaya, yanzu suna ina?"

"Suna akwati a kulle."

"To. Da suna cikina, yanzu suna akwati." Ta ja igiya ta ƙulle. "Ranar da ya fito daga ƙasar can, ko ranar da Allah ya karɓe shi, za ki sake rubutawa. Da sunana na gaskiya, da nasu. Kin ji ko?"

Lesia ta ce ta ji.

Yanzu shekararta arba'in da huɗu, tana nan a ofishin, an mai da ita kan shaida. Abokan aikinta na yi mata tsiya wai fayil ɗin da kowa ke gamawa a sati ita sai ta yi wata, don duk abin da ta rubuta sai ta karanta wa mai shi, ta tsaya a kowane layi ta tambaye shi wa zai gane shi da wannan, a wurin aiki, a unguwa, a garin da ya baro. Matan coci da wasu mutum biyar sun haɗu sun shigar da takardun ɗauko Anselmo da matarsa, Lesia ce ta cike su, an ce layin ya kai shekara uku. An ci ɗaya da rabi. Sau biyu ya sauya ɗaki a birnin, don ya ga wata mota da ya sani.

Ran Lahadi Lesia ba ta cin abincin rana. Takan dawo daga coci ta zauna da rigarta ta fita, waya a cinya. Wani lokaci uku da minti goma, wani lokaci har huɗu saura, uwarta kan kira daga kicin ɗin Eulalia, inda ta koma yini duk Lahadi.

"Ya kira," takan ce. "Je ki ci abinci."